Yadda muka koma cikin fayawol ɗinmu bayan wata doka ta rufe mana ƙofa

Ni ke kula da kwamfutoci da intanet a wata kwaleji mai zaman kanta a nan Sakkwato. Abin da zan ba da labarinsa ya same mu ne a watan Afrilu, ana tsakar zafi, saura 'yan kwanaki ɗalibai su zauna jarrabawar kwamfuta. Na rubuta shi saboda masu riƙe da irin aikina a makarantu da asibitoci da ƙananan bankuna, domin lokacin da abin ya faru na so a ce akwai wanda zai gaya mani daga inda ake farawa, da kuma abin da ba a taɓawa ko da an matsa maka.

Na'urar tsaronmu, wato fayawol, wadda ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfutocinmu da intanet, FortiGate 60F ce, tana kan manhajar FortiOS 7.2.8. Wani kamfani ne daga Abuja ya kafa ta shekarun baya, kuma yarjejeniyarmu da su ita ce su ke yin manyan canje-canje daga can, ni kuma ina da ƙaramin asusu na aikin yau da kullum: buɗe wa sabuwar kwamfuta hanya, toshe wani shafi, da yanke wa zauren jarrabawa intanet duk ranar da za a yi jarrabawa, don kada ɗalibi ya leƙa waje neman amsa. Ranar Laraba suka aiko da imel cewa daren Alhamis za su ƙara tsaurara hanyar shiga na'urar, ta yadda ba kowace kwamfuta za ta iya buɗe shafin sarrafa ta ba. Na ji daɗin wannan, don na daɗe ina ganin bai kamata kwamfutar ɗalibi ta iya ganin shafin ba, ko da ba shi da kalmar sirri.

Da safiyar Juma'a na buga adireshin na'urar, shafin bai buɗe ba. Bai ce kalmar sirri ba daidai ba, bai nuna komai ba, juyawa kawai yake yi har ya gaji. Na gwada SSH, hanyar shiga na'urar daga nesa ta rubuta umarni, shiru. Amma intanet na aiki lafiya lau a duk faɗin kwalejin, ofishin kuɗi na karɓar biya, malamai na ta WhatsApp ɗinsu. Da na kira injiniyan kamfanin, tun daga gaisuwarsa na gane akwai magana. Ya ce su ma tun dare, da suka rufe shafin suka zo sake buɗewa, ƙofa ta ƙi. Nan ne na fara fahimtar cewa dokokin da ke cikin wannan na'ura iri biyu ne. Ka ɗauke ta kamar maigadin ƙofa: akwai dokar da ke faɗin wanda zai wuce ta ƙofar zuwa waje ko ciki, akwai kuma dokar da ke faɗin wanda zai iya tsayawa ya yi magana da shi maigadin kansa. Ta biyun ita ce FortiGate ke kira local-in policy, kuma ita suka taɓa. Shi ya sa kowa ke wucewa, amma babu mai iya ba maigadi umarni.

Kafin in tashi daga kujera na gwada abubuwa biyu, kuma ina ba kowa shawara ya fara da su don wani lokaci a nan matsalar ke ƙarewa. Na tambayi injiniyan waɗanne adireshi suka bari su shiga. Ya karanto mani adireshin ofishinsu, da 192.168.10.0, wanda a takardarsu shi ne na ofishina. Wannan tsohon adireshi ne, mun bar shi tun bara da muka raba layin ɗalibai da na ma'aikata. Duk da haka na sa wa laftof ɗina adireshi daga cikin wannan jeri da hannu, na jona shi kai tsaye a bayan na'urar. Bai yi ba, domin na'urar ba ta da sauran wata kafa a wannan jeri, ba ta san hanyar da za ta mayar da amsa ba, sai ta watsar da saƙon. Na biyu, na tambaye shi ko an haɗa na'urar da FortiGate Cloud ko FortiManager, wato hanyoyin sarrafa ta daga nesa, tunda wani lokaci ana iya bi ta can a gyara. Ba a haɗa ba. Sai ya ce saura hanya ɗaya, konsol: a je gaban na'urar da kebul na musamman a shiga ta ɗan ramin da aka rubuta CONSOLE, wanda ba ya bin adireshin IP, saboda haka babu dokar fayawol da ke iya rufe shi. Ya ce za su iya turo mutum ranar Talata, amma kuɗin jirgi da masauki a kan kwaleji, lissafinsa ya haura naira 400,000. Jarrabawa kuwa Laraba.

Daga nan aikin ya bar kan kwamfuta ya koma ofis-ofis, abin da ban taɓa zato ba. Ƙaramin asusuna ba shi da ikon taɓa saitin sauran masu sarrafa na'urar, sai babban asusu mai matsayin super_admin. Kalmar sirrinsa tana cikin ambulan da aka liƙe tun ranar da aka kafa na'urar, a cikin sef ɗin ofishin ma'aji, kuma ba a fitar da shi sai da sa hannun shugaban kwaleji. Na rubuta wasiƙa ta hannun magatakarda, na haɗa da imel ɗin kamfanin da na buga a takarda, na kai da misalin ƙarfe 10. Sakatare ya ce shugaba na taro. Na zauna a kan bencin baranda, fanka ba ta motsi don an ɗauke wuta, ina kallon agogo, ina sane cewa ranar Juma'a da an tashi masallaci ba kowa ke dawowa ba. Da na samu shiga, tambayarsa ta farko ita ce wadda na san za a yi: “To Malam, mi yal lalace? Ga intanet nan shina aiki.” Na ce, “Yallaɓai, babu abin da ya lalace yau. Amma ranar Laraba ba ni da yadda zan yanke wa zauren jarrabawa intanet, kuma in wani abu ya taso kafin nan, babu mai iya sa hannu, mu ko na Abuja.” Maganar jarrabawar ce ta shige shi, ba bayanin fasaha ba. Ya sa hannu, ya rubuta a ƙasa cewa a buɗe ambulan a gaban magatakarda, a kuma canza kalmar bayan an gama. Ma'aji ya riga ya fita, sai Litinin. Na roƙi magatakarda ya kira shi, aka yi sa'a ya ce zai leƙo Asabar da hantsi.

A wannan zaman ne wani babban ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, ya ce ai irin waɗannan na'urori duk suna da ɗan rami a baya da ake sa tsinke a danna, komai ya dawo daidai, shi haka yake yi wa ta gidansa. Mutane biyu suka goyi bayansa. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace haɗari a duk abin da na ji a makon nan, kuma ita ce ta fi sauƙin karɓuwa, don ba ta buƙatar kuɗi ko jira. Ramin RESET yana mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta: adireshi ya koma 192.168.1.99, asusun admin babu kalmar sirri, amma saitin layin intanet, da rabon layukan ɗalibai da ma'aikata, da VPN, wato ɓoyayyar hanyar shigowa daga nesa, da duk dokokin da aka tara cikin shekaru sun tafi. In kana da sabon kwafin saiti a ajiye, da sauƙi. Mu kwafin da ke hannun kamfanin na kafin canjin bara ne, wato daga tsohuwar takardar da ta jawo matsalar ya fito. Da an danna, da kwalejin gaba ɗaya ta wayi gari babu intanet ana gab da jarrabawa. Na roƙi magatakarda kada a ba kowa mabuɗin ɗakin na'urori sai ni, ya amince.

Bayan sallar Juma'a na hau kabu-kabu neman kebul. Kebul ɗin da ya zo tare da na'urar a kwali babu wanda ya san inda yake, na duba sito, na duba durowoyin ɗakin, babu. Na bi shagunan kwamfuta na titin Emir Yahaya da na Ahmadu Bello Way, kuma kusan ko'ina abu ɗaya ake miƙo mani, kebul ɗin intanet na yau da kullum. Wani yaron shago ya ɗaga shi yana cewa, “Wanga shi na, Oga, duba kan nai, iri ɗaya na.” Gaskiyarsa, kan iri ɗaya ne, RJ45, kuma zai shiga ramin daram, amma ba harshe ɗaya suke yi ba. Ramin konsol siriyal ne, ɗaya bakin kebul ɗin ko dai mai ramuka tara ne da ake kira DB9, ko kuma USB mai ɗan guntun lantarki a ciki da ke fassara saƙon. Wanda ya taimake ni wani abokina ne da ke gyaran na'urorin turakun sadarwa. Ya ce in same shi Mabera bayan la'asar, ya ciro mani irin shuɗin kebul ɗin nan mai faɗi na Cisco daga jakar kayan aikinsa, ya ce yana yi a FortiGate, amma in dawo mashi da abinsa. Bakinsa DB9 ne, laftof ɗina kuma babu wannan rami, sai na sayi abin da ke mayar da shi USB a kan naira 6,500. A daren kuma na kira wani mai shago a Kano da muke hulɗa, ya ce yana da mai USB kai tsaye, naira 18,000, da 3,000 na direban da zai kawo shi tasha. Na tura kuɗin daga aljihuna, na ce ya rubuta rasit da sunan kwaleji.

Asabar da hantsi ma'aji ya zo, ya buɗe sef, muka sa hannu a littafi ni da magatakarda, aka yage ambulan. Na ɗauki hankalina wajen kwafe kalmar, ina bambanta sifiri da harafin O, domin in ba a canza saitin ba, FortiGate na rufe ƙofa na daƙiƙa 60 bayan kuskure uku. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce kalmar nan ba ta yi ba. Da can akwai wani asusun gaggawa mai suna maintainer da ake shiga da shi ta konsol da lambar na'urar jim kaɗan bayan ta tashi, amma an cire shi tun daga FortiOS 7.2.4. A kan tamu, rasa babbar kalmar sirri na nufin a goge na'urar a sake ɗora mata manhaja, wato daidai da danna RESET ɗin da muke gudu.

A ɗakin na'urori sai abin naira 6,500 ɗin ya ƙi. Windows 11 ta gan shi, amma a Device Manager sai alamar gargaɗi mai launin rawaya, babu lambar COM, wato sunan da Windows ke ba ramin siriyal, da za a yi aiki da ita. Irin waɗannan masu araha da yawansu guntun da ke ciki jabu ne ko tsoho ne, sabuwar Windows ba ta karɓarsu. Na sauke manhajojin da ya kamata su tashe shi, bai tashi ba. Zufa na zuba, inbata na ƙara, raina ya fara ɓaci, don saƙon Kano ba zai iso ba sai Lahadi ko Litinin. Ina tsaye bakin ƙofa sai Baba mai sito, wanda ya zo buɗe mana, ya tambaye ni wane irin rami nake nema. Da na nuna mashi bakin kebul ɗin ya ce, “Ai tsohin kwamhutocin ga da munka tara suna da shi a baya.” Muka shiga sito muka jawo wata tsohuwar kwamfutar tebur da aka daina amfani da ita, muka kakkaɓe ƙura, ga ramin siriyal na asali a bayanta. Muka ɗauko ta da allonta zuwa ɗakin, na kwafo PuTTY, manhajar da ake magana da na'urar ta konsol, a filashi, na zaɓi Serial, COM1, gudu 9600, 8 data bits, babu parity, 1 stop bit, babu flow control. Allo ya fito baƙi wuluk babu rubutu. Kada wannan ya tsorata ka, haka yake sai ka danna Enter. Da na danna, kalmar login ta bayyana. In kuwa haruffa masu kama da zane suka fito maka, gudun ne bai dace ba.

Abu na farko da na yi bayan shiga ba gyara ba ne. Na soka filashi mai tsarin FAT32 a na'urar, na buga execute backup config usb da sunan fayil, na jira ta ce an gama. Daga wannan lokaci hankalina ya kwanta, don ko me ya faru yanzu muna da saitin yau a hannu. Sannan na kira injiniyan, na sa shi a sifika, na buga show firewall local-in-policy. Dokoki biyu ne. Ta farko ta hana kowa HTTPS, wato shafin sarrafawa, da SSH, ta biyu ta yarje wa adireshin da aka zaɓa. Na'urar daga sama take karantawa zuwa ƙasa, da ta samu dokar da ta dace ta tsaya, don haka ba ta taɓa kaiwa ga ta biyun ba. Ban goge komai ba. Na shiga config firewall local-in-policy, edit 1, set status disable, end. Cikin minti guda injiniyan ya ce ya samu shiga daga Abuja, har yana hamdala.

Ni kuwa daga laftof ɗina shafin bai buɗe ba. Wannan mataki ne ya fi ɗaure mani kai, don na ɗauka an gama. Na duba show system interface ko an cire https daga allowaccess, wato jerin hanyoyin shiga da aka yarje, na layin ofishina, yana nan. Na duba admin-sport ko an canza lambar kafar shafin, ba a canza ba. Sai da na buga show system admin na ga ƙulli na biyu: a ƙarƙashin kowane asusu an sa trusthost, wato adireshin da aka yarda mai asusun ya shigo daga gare shi, kuma na cikin gida shi ne tsohon 192.168.10.0 ɗin nan. Idan duk asusun da ke na'urar suna da trusthost, ba ta ko amsa wa wanda ya zo daga wani adireshi dabam, shi ya sa alamar ta zama iri ɗaya da ta farko. Konsol kaɗai ne wannan bai shafa ba. Na shiga config system admin, na gyara layin da ke ɗauke da tsohon adireshin ya koma na ofishina na yanzu, a asusuna da babban asusu, na bar na Abuja yadda yake. Shafin ya buɗe. Daga nan muka gyara rukunin adireshin da ke cikin doka ta biyu, muka matsar da ita sama da move 2 before 1, sannan muka kunna ta hanawa, kebul ɗin konsol na jone har lokacin. Na gwada daga ofishina ya shiga, na gwada daga kwamfutar zauren ɗalibai ya ƙi, wanda shi ne abin da aka nema tun farko. Na canza babbar kalmar sirri, na rubuta ta da manyan haruffa a sarari, aka liƙe sabon ambulan, na sake ɗaukar kwafin saiti. La'asar ta yi kafin mu kulle ɗakin.

Kebul ɗin Kano ya iso Litinin, na karɓo shi a tasha, laftof ya gane shi nan take. Na mayar wa abokina nasa. Kuɗina sun dawo bayan na cike takardar neman biya na liƙa rasit biyu, amma na kabu-kabu da na direba, da babu rasit, ba a biya ba. In za ka sayi abu cikin gaggawa irin wannan, nemi rasit ko na hannu ne.

Abin da na ɗauka daga wannan, mafi girmansa shi ne gyaran kansa bai kai awa biyu ba, sauran lokacin duk ya tafi ne wajen neman kebul, mabuɗi, sa hannu da ambulan. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ake iya tanada tun babu matsala. Yanzu kebul ɗin konsol ɗaure yake a jikin akwatin na'urori da takardar da ke ɗauke da saitin PuTTY, kuma na gwada shi, don kebul ɗin da ba a taɓa gwadawa ba bai da tabbas. Ambulan ma haka, a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci a tabbatar kalmar na aiki. Sannan mun rubuta wa kamfanin cewa duk canjin da ya shafi hanyar shiga na'urar, su aiko da ainihin layukan da za su buga tun kafin ranar, in duba adireshin da idona, kuma a yi shi da rana ina gaban na'urar, ba daren Alhamis ba. Ba na ganin wannan a matsayin rashin yarda da su. Mutumin da ke Abuja takarda yake gani, ni nake ganin wayoyin, kuma duk lokacin da aka canza adireshi a nan dole takardar can ta canza a ranar.

Akwai kuma wata kariya da ke cikin na'urar tun asali wadda da an kunna ta a daren nan da babu wannan labari. A config system global akwai set cfg-save revert, da cfg-revert-timeout da ke zuwa a kan daƙiƙa 600. In an kunna, canjin da ka yi yana aiki nan take amma ba ya zama dindindin sai ka buga execute cfg save. In ƙofa ta rufe maka ka kasa bugawa, lokacin na cika sai na'urar ta sake tashi da tsohon saiti. Sai dai a sani, sake tashin na yanke wa kowa intanet na 'yan mintuna, kuma in ka gama aikin ka mayar da cfg-save ɗin automatic, in ba haka ba wata rana za ka yi gyara mai kyau ka manta ajiyewa ya ɓace. Masu na'urorin kamfanin MikroTik kuwa, nasu shi ne Safe Mode, ana danna shi kafin a taɓa dokokin input, wato na shiga na'urar kanta, in haɗin ya yanke sai canjin ya warware da kansa. In ma an riga an rufu, a gwada Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, ta adireshin MAC, wato lambar jikin na'urar, daga kebul ɗin da ke jone kai tsaye, don wannan hanya ba ta bi ta dokokin IP, muddin wanda ya kafa na'urar bai kashe ta ba.